Wai ina muke gaggawar kai yaran nan ne?

Duk ƙarshen shekarar karatu, wajen watan Yuli, sai ka ga Facebook da sitatus ɗin WhatsApp sun cika da hotunan yara sanye da gaun da hular nan mai kusurwa huɗu, an gama firamare, ana ta masha Allah da Allah ya sa albarka. Ni ma ina taya su addu'a, amma in ka tsaya ka kalli fuskokin da kyau za ka ga wasu ko giɓin famfararsu bai gama cikewa ba. Ka tambayi shekaru a ce maka takwas, tara. Kuma uban da alfahari yake faɗa maka, wai ai daga aji huɗu ya zana kwaman intirans ya ci, makarantar ma ita ta ce zaman shi a firamare ɓata lokaci ne. Yanzu har makarantu ake buɗewa da wannan tallar, a rubuta a takarda a raba a ƙofar masallaci, kawo ɗanka ya gama firamare a shekara huɗu, ga hadda izu kaza, ga Turanci ga Larabci ga kwamfuta, duk a kan yaron da in ya ji barci sai an goya shi.

Ni dai ra'ayina a kan wannan ba ɓoyayye ba ne. Mafi yawan saurin da ake sayar mana a makarantun kuɗi ba don yaron ake yin shi ba, don makaranta ne da kuma mu iyaye. Akwai yaran da da gaske Allah ya ba su kai, waɗanda in ka tsare su a ajin sa'anninsu ka cuce su, zan zo kan su. Amma ba su da yawa, kuma yadda ake zaɓo su yanzu ba haka ake gane su ba.

Bari mu fara da lissafi. Tsarin da Najeriya take kai, wanda muka sani da 6-3-3-4 tun shekarun 1980, daga baya shirin UBE na Obasanjo da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999 ya haɗe shida da ukun farko suka zama tara na dole, cewa ya yi yaro ya shiga aji ɗaya yana shekara 6, ya yi shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, ya fito yana wajen 18. Wannan shi ne a takarda. A zahiri kuwa, a unguwannin da ake da ɗan hali, yaro yana shekara 2 an kai shi ajin reno, 3 yana nazare ɗaya, 4 nazare biyu, 5 yana firamare ɗaya, wani ma tun yana 4 an cusa shi saboda wai ya iya kirga ɗaya zuwa ɗari. Aji shida kuwa a makarantun kuɗi da yawa ya zama tarihi, babu ma ɗakin, daga aji biyar ake sallama, wasu daga huɗu. To ka haɗa. Yaro ya shiga JSS1 yana 9, ya gama SS3 yana 14 ko 15, in ma ba a yi masa rajistar WAEC tun yana SS2 ba.

Me ya cinye aji shida? Kasuwa ce kawai. Makarantar da take da sashen sakandare so take ta tura yaran can da wuri tun kafin iyaye su fara tunanin canza musu makaranta, kuma kuɗin sakandare ya fi na firamare tsoka. Wadda ba ta da sakandare ita kuma tsoro take ji, in ta ce sai an yi aji shida iyaye za su kwashe yaransu su kai maƙwabciyarta da take sallama a aji biyar, shi kenan kowa ya bi sahu. Uba shi kuma ya duba ya ga an rage masa kuɗin makaranta na shekara guda ko biyu, da littattafai da yunifom da kuɗin ɗan adaidaita, a wannan rayuwar da ake ciki wa zai ƙi. Sai kuma abin da ba a cika son faɗa ba, gasa. Ɗan facala yana aji kaza, 'yar kishiya an yi mata dabal furomoshin, ɗan abokin aiki ya shiga sakandare alhali wata ɗaya aka haife su da naka. Wallahi akwai yaran da aka tsallakar da su aji ba don komai ba sai don a samu abin faɗa a gidan suna.

Kuma masu makarantun sun san lagonmu. Za a kira ka ofis a ba ka kujera da ruwan sanyi, a ce "Alhaji, gaskiya yaron nan naka ƙwaƙwalwa ce, mu ma nan mamakin shi muke yi, in muka bar shi a ajin nan mun ci amanarka." To wane uba ne zai ji haka ya ce a'a ku bar shi? Kai ma a ranar sai ka ji kamar kai ne ka zo na ɗaya. Ba ka tambaya ba da me aka auna shi, wa ya auna shi, kuma yara nawa aka faɗa wa iyayensu irin wannan maganar a satin nan.

Abin da muke kira ƙoƙari ma ya kamata mu sake duba shi. Yaro ɗan shekara biyar zuwa bakwai Allah ya yi shi da saurin hadda, duk abin da ka maimaita masa zai riƙe, ko ya gane ko bai gane ba. Zai jero maka jihohi 36 da manyan biranensu kamar ruwa, zai yi maka taims tebur da waƙa, zai tsaya gaban baƙi ya gabatar da kansa da Turanci kowa ya yi tafi. Amma ka ɗauko wani littafin da bai taɓa gani ba, daidai ajinsa, ka ce ya karanta shafi ɗaya, sannan ka rufe littafin ka ce to ba ni labarin abin da ka karanta da Hausa. A nan ake rabuwa. Na ga yaron da ya zo na ɗaya a ajinsu, ya karanta shafin tsaf babu tuntuɓe, da aka ce me ya faru a labarin sai ya ɗaga kai sama ya fara maimaito jimlar farko da Turanci kalma bayan kalma, da ta ƙare masa ya yi shiru yana murza gefen rigarsa. Ba laifin shi ba ne, abin da aka koya masa kenan, ya fitar da sauti. Kuma Turancin nan shi ya fi ruɗar mu, muna ɗauka duk yaron da bakinsa ya faɗa da Turanci ya gama ilimi. Tun a 1970 marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi guda, kuma yaran nan ba su gaza takwarorinsu ba, sun ma fi su a darussa da dama. Fahimta daban, lafazi daban.

Sannan ko kan ya kai, jikin fa? Wannan shi ne wanda ba ya fitowa a rifot kad. A firamare anti ɗaya ce ko ankul ɗaya, ta san yaron, ta san in ya yi shiru fitsari yake ji, ta san ranar da bai karya ba. A JSS1 malamai ne barkatai, kowa ya shigo da minti arba'in ɗinsa ya cika allo da not ya ce a kwafa, ya goge ya sake cikawa. Ka je ka leƙa ta taga ka ga ɗan shekara tara a bencin gaba, ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa, ya danne biro da ƙarfi har yatsansa ya yi kanta, yana layi na huɗu an riga an goge allon. Littafinsa duk rabi da rabi ne, kowane darasi an fara ba a ƙarasa ba. In an fita brek 'yan shekara goma sha biyu ba sa saka shi a ƙwallo sai dai ya riƙe musu takalma, in ya yi kuka a ce masa jariri. Ya dawo gida ƙarfe biyu ko uku, ya watsa abinci, islamiyya ƙarfe huɗu, bayan magariba mai lesin ya zo, bayan isha ga aikin gida na darasi uku. Yaron da masana lafiya suke cewa yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12 a dare. Za ka gan su da safe a cikin adaidaita, kai ya langaɓe a kan jaka, baki buɗe.

In makarantar kwana ce kuwa abin ya fi haka. Wanki, ɗibar ruwa, tsare kwano da sabulu kar a sace, aiken siniyoyi, ga wanda har yanzu wani lokacin yana fitsarin kwance kuma ba shi da wanda zai faɗa wa. Abubuwan da suke samun ƙananan yara a ɗakunan kwana ba sai na tsaya lissafa su ba, duk wanda ya yi bodin ya sani.

Mutanen da suna da wani gwaji da muke yi wa dariya yanzu, lokacin da ba kowa ke da takardar haihuwa ba. Hedimasta zai ce yaro ya ɗora hannun dama ta saman kai ya taɓo kunnen hagu, in ya taɓo a rubuta shi, in bai taɓo ba a ce a dawo da shi baɗi. Gwajin ba na kimiyya ba ne, yaro mai ƙaramin jiki yana iya cutuwa, amma aƙalla yaron ake kallo, jikinsa ake tambaya ko ya isa. Yanzu rasit ake kallo.

Abin da yake ba ni mamaki shi ne mu da muka taso da makarantar allo bai kamata a ruɗe mu da wannan ba, don babu tsarin da ya kai ta bai wa kowane yaro saurin kansa. A tsangaya babu aji babu zango. Ka fara da babbaƙu, ka shiga farfaru, sannan a fara rubuta maka, kuma malam ba zai ce ka wanke allo ba sai ka biya masa ya ji ya zauna. Mai kaifin kai ya wanke kullum ya wuce sa'anninsa har ya kamo yayyensa, ba wanda zai riƙe shi, wanda bai kai ba ya kwana uku a kan allo ɗaya ba wanda zai ce ya faɗi. Amma ko mai saurin ba a tsallake masa sura, ba a taɓa cewa yaron nan yana da ƙoƙari a ɗauke shi daga Sabbi a kai shi Yasin. Duk sai ya bi ta kansu, da sauri dai amma sai ya bi. Abin da makarantun kuɗi suke yi shi ne tsallaken, su kira shi sauri.

Kuma abin da ake tsallakewa ba ƙarami ba ne. A aji biyar da shida ne lissafin rabi da sulusi da rubu'i yake zama a kan yaro, da na ɗigo, da kaso cikin ɗari, da doguwar rabawa, da lissafin da ake ba ka cikin labari ka ciro abin da ake tambaya da kanka. A nan ne ake koyon rubuta insha'i mai kai da gindi. Yaron da aka ɗauke kafin wannan ba a gane ramin nan take, don JSS1 akwai maimaici kuma haddar tana ci gaba da rufa masa asiri. Sai an je SS1 an haɗu da fiziks da kemistiri da aljabara ta gaske, nan ne za ka ji uba yana cewa wallahi yaron nan da yana da ƙoƙari ban san me ya same shi ba, ko asiri aka yi masa, ko abokai ne. Daga nan sai a fara neman santar da ake "taimako" a jarrabawa, don an riga an faɗa wa duniya cewa yaro haziƙi ne ba za a yarda ya faɗi ba.

Yanzu bari in yi wa iyaye adalci, don ba duka ne masu neman suna ba, akwai masu hujja mai ƙarfi kuma na fahimce su. Uban da ya yi digirin shekara huɗu a shekara shida ko bakwai ya san abin da yake gudu. ASUU, ƙungiyar malaman jami'a, ta yi yajin aikin wata tara a 2020, ta sake yin na wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ga zaman jiran admishan, wani sai ya zana JAMB sau biyu sau uku. Ka fito kuma ka ga tallar aikin banki an ce kar ka wuce shekara 26 ko 27, NDA, makarantar horar da hafsoshin soja, tana da iyakar shekarunta, bautar ƙasa ma in ka haura 30 kafin ka gama sai dai a ba ka takardar yafewa. To mutum ya ce bari in ciyo wa ɗana shekara biyu tun daga ƙasa ya samu abin da zai yi asara da shi a sama, wannan ba wauta ba ce, ƙasar ce ta koya masa.

Ta ɓangaren 'ya'ya mata kuwa hujjar ta fi nauyi, kuma iyaye mata su suka fi kawo ta. Za ta ce maka ita so take yarinyar ta gama sakandare kafin masu zuwa su fara zuwa, kafin kawunnai da gwaggonni su fara cewa yarinya ta girma ana zuba mata ido. In ta gama a 15 ta shiga jami'a ko kwalejin jinya, ko da an yi auren tana tsakiyar karatu ne, an riga an saka a sharaɗi, miji ba zai ce ta bari ba. In kuwa sai 18 za ta gama, wata ko SS3 ɗin ba za a bari ta kai ba. Wanda bai san gidajenmu ba zai ga kamar wasa ne, amma uwar nan lissafi take yi na gaske, wataƙila ita ma abin da ya katse mata nata karatun kenan. Ban da bakin da zan ce mata ba ta da gaskiya. Abin da kawai zan ce shi ne a duba kar a ceci shekarun a rasa karatun, don yarinyar da ta fito da takarda babu abin a kai, in ta je gaba ta kasa, mutanen da ake gudun bakinsu su ne za su fara cewa ai dama mun faɗa, a yi mata aure kawai. Kuma 'yar shekara goma sha huɗu a cikin jami'a, a hostel, tsakanin malamai da samarin da suka girme ta da shekara goma, wannan ma abin a zauna a yi tunani ne.

Sannan ga katangar da take jira a gaba, wadda mai makaranta ba zai tuna maka da ita ba ranar da yake ba ka ruwan sanyi. A Yulin 2024 ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya tsaya a taron JAMB ya ce sai mai shekara 18 za a bai wa gurbin karatu, zauren ya kaure da hayaniya har sai da aka sassauta zuwa 16 na wannan shekarar. Bayan an sauke shi, Dakta Tunji Alausa da ya gaje shi ya soke maganar 18 ɗin ya tsayar da 16. To 16 ɗin dai tana nan daram. JAMB ta bar wata 'yar ƙofa ga waɗanda ba su kai ba in har haziƙai ne na gaske, amma sai yaro ya ci maki 320 cikin 400, sannan a sake tace shi ta wasu matakan. A jarrabawar 2025 yara sama da 40,000 ne 'yan ƙasa da 16 suka zauna ta wannan ƙofar, waɗanda suka kai makin 'yan ɗaruruwa ne kawai, ko kashi 2 cikin ɗari ba su cika ba. Ka tsaya ka yi tunanin wannan. Dubu arba'in ɗin nan kusan kowannensu akwai ranar da aka ce wa iyayensa ɗanku ya fi ƙarfin ajinsa.

To sauran ina suka tafi? Gida. Yaron da aka hana shi wasa yana shekara bakwai don a yi sauri, ga shi yana 14 a kwance a falo da waya shekara ɗaya ko biyu yana jiran shekarunsa su cika. Wasu iyayen kuma sai su bi ta kotu a yi takardar rantsuwa a ƙara masa shekaru, a je a yi ta fama da gyaran NIN tunda yanzu ba a rajistar JAMB sai da ita. Da rage shekaru muka sani, yanzu mun koma ƙari. Kuma yaron yana tsaye yana kallo ubansa ya rantse a kan ranar haihuwar da dukansu sun san ba ita ba ce, a kan yaron da aka biya kuɗi ya haddace hadisan gaskiya da amana.

Na ce zan dawo kan haziƙan gaske. Suna nan, kuma duk malamin da ya daɗe a aji ya taɓa haɗuwa da ɗaya ko biyu. Shi ba hadda ba ce tasa, tambaya ce, zai tambaye ka abin da sai ka je ka duba. Ya gama aikin da aka bayar cikin minti biyar ya fara tsokanar na kusa da shi, a yi ta dukan shi ana cewa ba ya ji alhali gundura ce take damun shi. Irin wannan in aka ce lallai sai ya jira sa'anninsa, wani sai ya tsani makarantar gaba ɗaya, ko ya saba da cin jarrabawa ba tare da ya taɓa wahala ba, ranar da ya haɗu da abu mai wuya ya rasa yadda ake yi. A Amurka akwai wani dogon bincike da Julian Stanley ya fara a Jami'ar Johns Hopkins a 1971, aka bi rayuwar dubban yara masu baiwar lissafi shekaru da dama, kuma abin da aka gani shi ne waɗanda aka tsallakar da su aji ba su cutu ba, da yawansu ma sun fi takwarorinsu da ba a tsallakar ba nisa a karatu. Masu tallar sauri suna iya kafa hujja da wannan, amma a duba su waye yaran. Na saman sama ne, kashi ɗaya cikin ɗari, waɗanda aka ba su jarrabawar shiga jami'a suna 'yan shekara 12 ko 13 suka ci. Ba aji guda aka kwasa aka tura gaba don an rasa ɗakin aji shida ba. Mu ma nan gwamnati ta san da irin su, shi ya sa aka yi makarantar haziƙai ta tarayya a Suleja, Jigawa ma ta yi tata a Bamaina zamanin Sule Lamido, dukansu kuma da jarrabawa ake shiga.

A Jami'ar Iowa har wani ma'auni suka tsara na yanke shawarar tsallakar da yaro, kuma abin da ya burge ni a ciki ba gwajin ƙwaƙwalwar ba ne, wasu sharuɗɗa ne masu sauƙi. In yaron da kansa ba ya so, a dakata. In tsallaken zai kai shi aji ɗaya da yayansa, a yi hattara. Wannan na biyun mu ya fi shafa, da gidajenmu masu yara rututu, wani gidan ma ɗaki biyu ko uku. Ka ɗauki ƙani ka haɗa shi aji da wansa, ko 'yar wannan ɗakin da ta wancan, kullum rizal ya fito a yi ta gori a tsakar gida, ka ga an shuka abin da zai bi su har girma.

To in kai ne aka kira ofis gobe, ni shawarata kar ka amsa a ranar. Ka ce za ka yi shawara da mahaifiyarsa, don ita ta san abin da kai ba ka sani ba, ta san ko yana iya shirya kansa da safe, ko yana kuka in ya faɗi a wasa, ko da manya yake son zama ko da ƙanana. Ka samu wani malami da ba ya cin albashi a makarantar, ko da na makarantar gwamnati ne da ya daɗe yana koyar da aji shida, ka ce ya gwada maka shi da aikin ajin da ake so a tsallake, ba wanda ya gama ba. In zai tsallake aji biyar to a ba shi jarrabawar ƙarshen aji biyar, in ya cinye ta ba tare da an koya masa ba ka san da magana. Ka zauna da yaron kuma ka tambaye shi, ba irin tambayar "ai kana so ko?" ba. Sannan ka tambayi mai makarantar yaran da suka tsallakar shekara biyar ko shida da suka wuce suna ina yanzu, me suka ci a WAEC, a wace santa suka zana. Yadda zai amsa ma kaɗai ya ishe ka.

Kuma ba dole sai tsallake ko zama ba, akwai tsakiya. Yaron da ya yi gaba a lissafi kawai ana iya barin shi ya riƙa shiga ajin gaba lokacin lissafi ya dawo cikin sa'anninsa, in makarantar da gaske take yi ba zai gagare ta ba. A saya masa littattafan karantawa na Hausa da na Turanci, a bar shi ya kwance tsohuwar rediyo, in hadda ake so ga shekarun nan ne lokacinta sai a ba ta haƙƙinta a natse maimakon a haɗa masa gudu biyu a lokaci ɗaya.

Wanda kuma ya riga ya tsallakar ya ga yaro yana nutsewa, maimaita aji ba mutuwa ba ce, kuma gara a yi shi a JSS1 ko JSS2 da a bari sai SS2 lokacin da ramin ya yi zurfi kuma yaron ya san kunya sosai. In za a yi a canza masa makaranta, don kar ƙannen ajinsa na jiya su zama abokan zamansa a gaban idon kowa, kuma a faɗa masa gaskiya cewa shekarunsa ne ba su kai ba, ba kansa ba. A ja kunnen 'yan gidan ma, musamman yayye da masu zuwa hutu, kar wanda ya kira shi da sunan wanda aka yi wa rifitin.